Sunan da Ban Rubuta Ba

Tun muna yara taubashina yake ɗauke mini kaya. Ɗan kawuna ne, wato ɗan yayan Inna mahaifiyata, gidansu a Anka, mu kuma muna Gummi. Duk hutun da aka kai ni can sai na dawo da rashin wani abu: yau hula, gobe takalmi, akwai ma shekarar da na dawo babu wandon Sallah. In na kai ƙara sai Inna ta yi dariya ta ce ai taubashina ne, ni ma in na samu nasa in ɗauka. Haka abin yake a wurinmu. Ɗan mace da ɗan namiji abokan wasa ne, kowa yana iya gaya wa kowa baƙar magana, kuma wanda ya fara ɓata rai shi ne ya ji kunya. Da yake shi ne ɗan namiji, "bawa" yake kirana, ni kuma in ce masa "ɓarawon Anka". Duk cikin dangi babu wanda nake ɗokin gani kamarsa.

Da muka girma sai na zama malamin kwamfuta a wata sakandare a Gummi, ina taɓa gyaran sola in an tashi makaranta. Shi kuma ya buɗe shagon gyaran waya a Anka. Gasa tsakaninmu ba ta taɓa mutuwa ba. Allah ya ba shi hannu, in faɗi gaskiya: zai cire abu ƙanƙane kamar ƙwayar gero daga cikin waya ya mayar, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya kuma ba shi baki. Ni abin da aka ba ni haƙurin karatu ne kawai. Zan iya zama kan shafi ɗaya tun daga azahar har la'asar, in tashi ban gane ba, in dawo masa gobe.

Famfo ne ya haɗa mu aiki. Tun bayan gubar dalmar da ta shiga Yargalma da Duza, mutanen wajen ba sa wasa da maganar ruwa, rijiyar burtsatse mai sola ita ce abin da hankali ya kwanta da shi. To kowace irin wannan rijiya tana da wani akwati da muke kira kwantirola, shi yake karɓar wuta daga farantan sola ya ba injin famfo. A cikin akwatin akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa baƙa wadda masu gyara suke kira aisi, a cikinta aka zuba umarnin da akwatin yake bi. Waɗanda suka rubuta umarnin ba su san ranar Bukkuyum ba. Da zafi ya kai wani matsayi sai akwatin ya ɗauka gobara ce, ya kashe kansa, daidai lokacin da mata suka jera jarkoki kuma makiyaya suka iso da shanu. An kira ni Yargalma kan wannan ya fi a ƙirga, shi ma an sha kai masa akwatunan shago. Babu abin da ya lalace a ciki. Umarnin ne yake son a canza, mu kuma ba mu da hanyar yi wa aisin magana.

A nan kompaila ta shigo. Ga wanda bai sani ba, kompaila tafinta ce. Mutum yana rubuta umarni da rubutun da ɗan Adam zai iya karantawa, ita kuma ta mayar da shi harshen da inji yake ji. Kowane irin aisi da harshensa. Akwai wata kompaila da wasu bayin Allah daga ƙasashe daban-daban suka yi shekaru suna ginawa, suka sake ta a intanet kowa ya ɗauka, har da asalin rubutunta. Ta iya harsuna da yawa, amma ba ta iya na aisinmu ba. Ni na fara cewa mu koya mata. Taubashina ya ce bawa ya haukace, sannan ya ce in har bawa zai iya, ubangida zai riga shi.

Ban manta ranar da muka fara ba. A Bukkuyum muka haɗu don ita ce tsakiya, a rumfar wani mai shayi, da hantsi. Na buɗe lasisin da ya zo da kompailar na karanta masa, ina fassarawa layi-layi. Sharaɗin ba shi da wuya. Ka ɗauka, ka gyara, ka ƙara, ka raba wa wanda kake so, ko sayarwa za ka yi babu mai hana ka. Amma duk wanda ka ba, dole ka ba shi har da asalin rubutun, don shi ma ya iya gyarawa kamar yadda aka bar ka ka gyara. Kuma kada ka goge sunayen waɗanda suka riga ka aiki. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce masa wannan ai gayya ce, an taya ka noma, kai ma ran da aka kira sai ka fito da fartanyarka. Ya ce shi dai a zuba masa madara da yawa.

A kwamfutarsa muka buɗe fayil na farko, don batirin tawa ya riga ya mutu. A saman kowane fayil akwai wurin da mai aiki yake rubuta sunansa, ƙarƙashin sunayen na baya. Ya rubuta nasa. Na miƙa hannu zan jawo kwamfutar in sa nawa, sai ya dafe ta da tafi.

"Kai bawa, mi kaka nema? Yaushe anka hwara rubuta sunan bawa dab da na ubangida nai?"

Mai shayi ya tuntsire da dariya, wasu Fulani biyu da suke zaune a benci su ma suka yi, don kowa ya gane irin wasan. Ni ma na yi dariya. Na ce ɓarawon Anka ya fara sana'a tun da safe. Me zan ce? In na haɗe fuska na ce a'a, sai an sa sunana, na zama mutumin da ya mayar da wasan taubashi faɗa a gaban baƙi, kan suna. Kuma ni dama ina da wannan nauyin bakin, an raine mu a kan cewa mutum ba ya tallar kansa. Na ce a raina in aiki ya kammala za a sa. Shayina ma ban bari ya huce ba.

Ba mu daɗe da farawa ba aka katse layukan waya a jiharmu saboda 'yan bindiga. Babu kira, babu intanet. Sai muka koma aiki da katin memori. In na yi rubutu na mako guda, sai in zuba a kati, in naɗe shi a takarda, in ba wani direba da yake bin hanyar Anka. Bayan kwana biyu ko uku katin ya dawo da sakamakon gwaji, da 'yar wasiƙa a jikin takardar, yawanci zagi ne. Irin wannan aiki yana da kundi, wanda yake riƙe tarihin kowane gyara da sunan wanda ya shigar da shi. Don kada kundin ya rabu biyu muka ce a bar shi wuri ɗaya, a kwamfutarsa, tunda akwatunan gwaji suna shagonsa. Ni ina aika rubutu tsirara, shi yana shigarwa. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin sunan wa kundin yake rubutawa ba.

Ba zan ce bai yi aiki ba, Allah yana gani. Shi ya haɗa wayoyin da ake zuba umarni da su, shi ya ƙona aisi ya fi goma kafin mu gane ƙafar da ake ba wuta, kuma akwai lokacin da na yi wata uku ina neman kuskure a rubutuna, shi ya gano cewa takardar bayanin aisin ce ta yi ƙarya. Ya yi mini gori a kan wannan har na gaji. Amma ɓangaren da yake ainihin fassarar, wanda ya san kowace kalma ta harshen aisin da inda za a ajiye kowane lissafi, ni na rubuta shi, layi bayan layi, a ɗakin malamai bayan yara sun watse. Shi ma ya gwada nasa a ɓoye don ya riga ni, bai yi aiki ba, ya watsar, ya ce dama gwada ni yake yi.

Har saƙonnin da kompaila take fitarwa in ta ci karo da matsala, da Hausa na rubuta na ɓangarena, don in huta da Turanci. Aisinmu yana da 'yan wuraren ajiya kaɗan, lissafi in ya yi yawa sai wuri ya ƙare. A nan na sa ta riƙa cewa, "Mota ta cika, a sauke wani." Direbanmu ne ya ba ni wannan, kullum haka yake faɗa a tasha.

Kusan shekara biyu muka ɗauka. Ranar da muka zuba umarninmu na farko a akwatin Yargalma, muka tsaya a gindin tanki rana tana tsaka, zafi kamar a bakin murhu, injin bai tsaya ba. Ruwa yana ta zuba. Wani dattijo makiyayi ya riƙa sa mana albarka da Fulatanci da Hausa, taubashina yana nuna ni yana cewa bawansa ne, shi ya koya mini. Na yi farin cikin da ban taɓa yi ba. A kan babur muna komawa na ce masa saura mu sake ta a intanet kamar yadda sharaɗi ya ce, kowane mai gyaran sola daga nan har Zugu ya ɗauka. Ya ce a bari ya gyara 'yan abubuwa tukuna. An dawo da layukan waya, na sake tuna masa, ya ce ana nan ana yi. Daga nan ya fara yawan tafiya Abuja, katin memori kuma ya daina zuwa.

A Gummi na gano. Wani abokin sana'ata, mai gyaran sola ne shi ma, ya dawo daga wani horo da wani kamfani ya shirya musu. Ya zo makaranta yana ɗoki, ya ce sai na ga abin da aka raba musu. Manhaja ce mai sabon suna da tambari mai kyau, wadda ake rubuta wa akwatin famfo umarni da ita. Ba ta buɗewa sai da lambar da kamfanin ya ba ka, kuma babu asalin rubutu, an rufe ta ruf. Na tambaye shi wa ya ƙera. Ya ce wani haziƙi ne ɗan Anka, shi kaɗai ya gina ta tun daga tushe, haka aka faɗa a taron. Na ce bari in tabbatar kafin in ɗauki alhakin mutum. Na karɓi kwamfutarsa, na rubuta wani dogon lissafi wanda na san aisin ba zai iya ɗauka ba, na danna.

Mota ta cika, a sauke wani.

Abokin nan nawa ya yi dariya, ya ce ai mutumin akwai barkwanci. Na duba ko'ina a cikin manhajar. Babu lasisi, babu sunan ko ɗaya daga cikin mutanen da suka gina kompailar tun farko, an share su kaf. Nawa kuwa babu abin da za a share.

Washegari na hau mota zuwa Anka. Na ɗauki Inna, don dama tana son ganin yayanta, kuma ina ganin in manya suna wurin za a yi magana ta hankali. Muka same su a zaure bayan azahar, Kawu yana kan buzu, taubashina yana cin gyaɗa. Da ya ga fuskata ya san abin da ya kawo ni, amma sai ya riga ni.

"Baba, ga bawa ya zaka kawo ƙara."

Na gaishe da Kawu, na zauna, na yi bayani tun daga farko, a hankali yadda zai gane. Kawu mutum ne mai adalci, ya saurare ni har na gama. Sannan ya gyara zama.

"Tau, ɗana. Abin ga da kac ce ya ɗauka, yanzu kai ba ka da shi?"

"Ina da shi, Kawu."

"Shi ma shina da shi?"

"Shina da shi."

"Tau mi yaɓ ɓace?"

In hula ce, ana ganin kai a buɗe. Wannan kuwa ga shi a kwamfutata, babu harafi ɗaya da ya ragu. Na ce amana ce ta ɓace. Na ce mutane sun ba mu aikinsu bisa sharaɗi, mun karɓa, shi ya karya. Na ce yanzu mai gyara a Zugu in akwati ya ba shi matsala ba zai iya buɗe manhajar ya duba ba, sai ya jira kamfani, kamar yadda muka zauna muna jira a da. Ban ce komai kan sunana ba, har a lokacin kunya ba ta bar ni ba. Taubashina ya ce mutanen da nake magana a kansu ba su san akwai wani gari Anka a duniya ba. Ya ce kamfanin ba zai karɓi abin da kowa zai iya ɗauka a banza ba, dole a rufe, kuma in an rufe ɗin, famfo nawa ne za su samu gyara? Maganarsa ba ta rasa kan gado ba, shi ya sa ta fi ƙona ni. Ya ƙare da cewa in na kwantar da hankalina zai nema mini gurbi a wurinsu, ubangida ba ya mance bawansa. Kawu ya yi murmushi. Inna ta taɓa mini gwiwa.

"Taubashinka na hwa. Wa yat taɓa kai ƙarat taubashi nai? In ka samu nashi kai ma ka ɗauka."

Maganar da ta gaya mini kan wandon Sallah, ita ce ta sake gaya mini, kalma ba ta canza ba. A mota muna dawowa tana ta labarin yadda Kawu ya tsufa.

Na yi mako biyu ina juya abin. Na sake kiransa sau ɗaya, na ce ya saki asalin rubutun kawai, magana ta mutu. Ya ce, "Bawa, ka cika naci," ya kashe waya. Sai na zauna na rubuta wa masu kompailar imel. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba kishin lasisi kaɗai ya sa ni ba. Ina son a kama shi. Ina son wani a duniya, ko da a bayan teku yake, ya dube shi ya ce wannan ba wasa ba ne. Wata mata ce ta amsa, ɗaya daga cikin masu kula da aikin. Ta yi mini tambayoyi na natsuwa, ta nemi in aika mata manhajar da aka raba, ta gwada da kanta, ta ce babu shakka tasu ce. Suka rubuta wa kamfanin. Ban ga wasiƙar ba, amma ta yi aiki, don kamfanin ashe bai san abin da ya karɓa ba, kuma ba ya son rigima. Ba a yi wata biyu ba aka cire makullin, aka saka asalin rubutun a intanet, da lasisin a gaba.

A ɗakin malamai na sauke shi. Na buɗe fayil na farko. Sunayen mutanen nan duk sun dawo, a jere, kowa da nasa. A ƙarƙashinsu ga sunan taubashina, kamar yadda ya rubuta shi a rumfar mai shayi. Na buɗe na biyu, na uku, na buɗe ɓangaren fassara, wanda na san kowane lungunsa fiye da ɗakin kwanana. Sunansa. Na buɗe kundin tarihi, tun daga gyara na farko har na ƙarshe, kowanne shi ya shigar, daga kwamfutarsa. Bai ƙirƙiri komai ba, bai goge komai nawa ba. Abin da yake nan tun farko shi ya saki.

Na sake rubuta wa matar. Wannan karon na ajiye kunya na gaya mata komai, har da katin memori da direba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata mene ne taubashi, na goge, na sake rubutawa, na ga duk yadda na juya shi, abin da yake fitowa shi ne wani ya ce kada in sa sunana ni kuma na yi dariya. Amsarta mai ladabi ce. Ta ce ta yarda ba ƙarya nake yi ba, kuma abin ya ba ta tausayi. Amma su abin da suke iya tsayawa a kai shi ne sharaɗin lasisi, kuma yanzu an cika shi duka. Wanda ya rubuta wane layi, wannan tsakanina da ɗan'uwana ne, tunda babu inda sunana ya fito. Ta ce in ina da kwafi ina da 'yancin in saki nawa daban. Na sani. Amma nawa da nasa abu ɗaya ne, kuma nasa ne a hannun kowa, nawa zai zama kamar ni na kwafa.

A gida kuwa labari ya riga ya zaga, kuma ba labarin wanda ya karya amana ba ne. Labarin wanda ya kai ƙarar ɗan kawunsa wurin Turawa ne. Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na kira shi yana amsa gaisuwa daidai, lafiya lau, lafiya lau, sai ya ce ana kiran salla. Inna ta yi kwanaki ba ta cin abinci sosai. Ran nan na same ta tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ban san wanga abu naku ba. Amma ɗan'uwana guda na duniya, ka sa ina jin kunya tai." Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Na tabbata ni aka zalunta, har gobe ina da wannan tabbaci, amma duk gidan ni kaɗai na san haka.

Da bazara ta dawo aka kira ni Yargalma. Akwatin ya fara wani sabon hali, in hadari ya taso rana ta lumshe sai injin ya riƙa ƙugi yana tsayawa. Tun kafin in sauka daga babur na san mene ne. Akwai wani kuskure a ɓangarena, wajen raba lamba in ta sauka ƙasa da sifili. Na gan shi tun da daɗewa, na ce zan gyara a kati na gaba, katin da bai sake zuwa ba. Duk duniya babu wanda ya san da shi sai ni. Na zauna a inuwar tanki na gyara, layi shida ne, na sake zuba umarnin, ruwa ya dawo.

A hanyar komawa shaiɗan ya zauna a bayana a kan babur. Ya ce in riƙe gyaran. Kuskuren yana cikin kowane akwatin da aka taɓa da manhajar, damina tana zuwa, za su riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, haziƙin Anka zai buɗe rubutun da ya ce shi ya gina ya rasa inda zai sa hannu. Lasisin ma bai tilasta mini ba, tunda ban raba wa kowa ba. Na ji daɗin wannan tunani har kusan Gummi. Amma na ga jarkokin da suka jeru a Yargalma da safen nan, kuma na san irinsu suna Zugu da Duza. Ni ne kuma na ce gayya ce, da bakina.

Na shirya gyaran yadda ake yi, na aika zuwa shafin aikin, inda kowa yake aikawa, inda shi ne mai karɓa. A saman fayil ɗin, ƙarƙashin sunansa, na rubuta nawa cikakke, da na mahaifina. Shekara huɗu ke nan da ranar rumfar mai shayi. Ban san me nake jira ba. Ina jin ina jiran ya ce bawa ya yi wayo, ya zage ni, in zage shi, ko daga nan a samu bakin zaren.

Bayan kwana biyu ya karɓi gyaran. Bai goge sunana ba, lasisin ya hana, kuma yanzu yana bin lasisi sosai. A ƙasa ya rubuta amsa da hannunsa, a fili inda kowa zai gani, da Hausa mai tsabta irin ta rediyo:

"Mun gode, Malam. Gyaran ya yi daidai. Muna maraba da sababbin masu taimaka wa wannan aiki."

Na karanta sau uku. Tun da aka haife mu bai taɓa ce mini Malam ba.